RUMBUN WUTAR LANTARKI: INA AKA KAI GA BATIRIN TUTIYA DA RUWA?

Ran 16 ga watan Janairu, 1,200 da ɗoriya na mutanen wani gari da a ke kira Moss Landing da kewayensa, cikin jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka, suka wayi gari lafiya, amma ba su kwana a gidajensu ba. A shekarar 2025 ke nan. Gobara ce ta tashi a wani makeken gidan ajiyar wutar lantarki da ke kusa da su, wanda ya ke cikin mafiya girma a duniya, cike da batura irin na litiyam. Hukuma ta ce kowa ya tashi saboda hayaƙi, aka kuma rufe babbar hanyar mota da ta bi ta wurin. Masu kashe gobara suka zo suka duba, suka ga ba irin wadda a ke tunkara da mesar ruwa ba ce, sai suka ja da baya suka bar ta ta ci abin da za ta ci. Allah ya taƙaita, ba a rasa rai ba.

Masu iya magana sun ce, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. To, a wannan karon maganar ta zo daidai da zahiri, don kuwa tun kafin wannan gobara akwai masana da yawa da su ke ta ƙoƙarin ƙera babban batir wanda ruwa ne a cikinsa, da ƙarfen nan da mu ke kira tutiya. Labarinsu ya yawaita cikin jaridun duniya, kusan kowane wata sai an ji wata jami'a ta ce ta ci nasara. Saboda haka muka ga ya kamata mu baje wa masu karatu wannan al'amari a faifai, musamman malaman makaranta da akawunan hukuma, waɗanda su ne za a tambaya, su ne kuma wata rana takardar saye za ta bi ta hannunsu.

ME YA SA A KE NEMAN RUMBU?

Wutar lantarki ba ta jira. Sa'ad da inji ya haifar da ita, sa'an nan a ke shanta, in ba a sha ba ta tafi. Muddin da ruwan madatsa ko gas ko gawayi a ke juya inji, wannan bai zama abin damuwa ƙwarai ba, don mai inji shi ke da ikon ƙarawa da ragewa. Amma yanzu duniya ta juya ga hasken rana da iska, saboda allunan sola sun yi araha irin wadda ba a zata ba. Rana kuwa ba ta karɓar umurnin kowa. Da tsakar rana ta ba da fiye da abin da a ke bukata, da magariba kuma, lokacin da kowa ya koma gida ya kunna fitila da fanka, sai ta ɓace.

Manomi ya daɗe da sanin maganin irin wannan. Da kaka hatsi ya yi yawa, da bazara ya yi wuya, sai ya gina rumbu. Batir shi ne rumbun lantarki. Hukumar Makamashi ta Duniya, wadda ke da mazauni a birnin Faris, ta ba da lissafi cewa a shekarar 2023 kaɗai an kafa irin waɗannan rumbuna masu ƙarfin megawat wajen 42,000 a duniya, watau ninki da yawa na dukan wutar da ke gudana a manyan wayoyin Nijeriya. Fiye da kashi 90 cikin 100 na baturan da a ke aiki da su a wannan fanni na litiyam ne, irin na cikin wayar hannu, wanda kamfanin Sony na Japan ya fara sayarwa a 1991.

Batirin litiyam gwani ne, ba mai musu. Ba shi da nauyi, yana ɗaukar wuta da yawa, yana kuma mayar da wajen mudu tara cikin mudu goma da aka zuba masa. Amma yana da aibi biyu. Na farko, ruwan da ke cikinsa dangin mai ne, yana kama wuta, in ɗaya ya yi zafi ya ƙone sai ya kunna maƙwabcinsa. Na biyu, ma'adinin a hannun ƙasashe kaɗan ya ke, Ostareliya da Chile da Sin su ne manyan masu haƙa, mafi yawan tacewa kuwa a Sin a ke yi. Waɗannan aibobi biyu su suka sa aka waiwayi tutiya.

TSOHUWAR ZUMA

Kada mai karatu ya zaci tutiya baƙon abu ne. Ita ce a ke shafe kwanon rufi da bokiti da ita don kada su yi tsatsa, wajen rabin tutiyar duniya ma nan ta ke tafiya. Ita ce ta huɗu cikin ƙarafan da a ka fi aiki da su, bayan baƙin ƙarfe da alminiyam da jan ƙarfe. A kowace shekara ana haƙo wajen tan miliyan 12, galibi a Sin da Peru da Ostareliya da Indiya. Ba ta da dafi irin na dalma, har ƙwayar maganinta a ke ba yara masu gudawa tare da ruwan gishiri da sukari.

Batir kansa da tutiya aka haife shi. A shekarar 1800 wani masani na Italiya, Alessandro Volta, ya jera faya-fayan tutiya da na jan ƙarfe, ya sa tsumma jiƙaƙƙe da ruwan gishiri a tsakaninsu, sai ga wuta tana gudana. Daga sunansa aka samo volt, ma'aunin ƙarfin turin wuta, wanda a ke rubutawa a jikin kowane batir. A 1836 John Daniell na Ingila ya gyara wannan dabara, batirinsa ya yi ta aiki a gidajen wayar tangaraho. A 1866 Georges Leclanché na Faransa ya haɗa tutiya da wani baƙin gari na ma'adinin manganis. Bayan shekara ashirin Carl Gassner na Jamus ya mai da ruwan cikin ya zama kamar kunu mai kauri don kada ya zube. Wannan shi ne kakan batirin tocila da na rediyo. Duk malamin da ya taɓa fasa mataccen batir don ya shafe allon aji da baƙin garin ciki ya riga ya ga kayan da mu ke magana a kai: gwangwanin waje tutiya ce, baƙin garin manganis ne, danshin da ke tsakani kuwa ruwan gishiri ne.

To, in haka ne, ina sabon abu? Sabon abu shi ne sake cikawa. Batirin tocila in ya mutu ya mutu, sai juji. Rumbun da a ke bukata kuwa dole a cika shi da rana, a kwashe da dare, kullum, har shekara goma sha biyar ko ashirin. Duk ci gaban da a ke ta shela a kansa, a kan wannan magana guda ya tsaya: yadda za a sa tutiya ta narke cikin ruwa da dare, ta koma mazauninta da rana, sau dubbai, ba tare da ta lalace ba.

CUTUTTUKA UKU

Kowane batir abu uku ne. Akwai ɓangaren da ke bayarwa, a nan ita ce tutiya. Akwai ɓangaren da ke karɓa, kamar baƙin garin nan. Akwai kuma ruwan da ke tsakani, da wata siririyar takarda da ta zama shamaki don kada ɓangarorin biyu su taɓa juna. Sa'ad da a ke shan wuta, tutiya tana narkewa kaɗan kaɗan ta shiga ruwan. Sa'ad da a ke caji kuwa, sai ta fito daga ruwan ta sake liƙewa inda ta baro. Kowane ɗaya cikin ukun nan yana da cutarsa.

Cutar farko, tutiya ba ta komawa sumul yadda ta taso. Inda ta sami ɗan tudu nan ta ke taruwa, sai tudun ya yi tsini, ya yi ta tsawo kamar ƙaya, har ya huda shamakin ya taɓa ɗaya ɓangaren. Daga nan batir ya gama aiki.

Cuta ta biyu daga ruwan ne kansa. Ruwa yana da iyakar turin da ya ke jurewa. Bisa lissafi, daga volt 1.23 ya kan soma rabewa ya zama iska biyu, haidurojin da oksijin. Saboda haka batirin tutiya da ruwa da wuya ya kai volt 2, alhali na litiyam yana ba da 3.2 zuwa 3.7. Har wa yau, ko batir yana ajiye ba ya aiki, ruwan yana cin tutiyar sannu a hankali, yana fid da iska, batir ya kumbura, ya bushe.

Cuta ta uku, baƙin garin manganis shi ma yana zagwanyewa ya bi ruwa, sai ƙarfin batirin ya yi ta raguwa daga caji zuwa caji.

MAGUNGUNAN DA AKA SAMO

Tun 1986 waɗansu masana biyu na Japan, Yamamoto da Shoji, suka nuna cewa in aka bar ruwan nan mai kaifi irin na ƙanwa, aka yi aiki da ruwan gishirin tutiya mai sauƙin tsami, batir zai iya karɓar caji. Ba a kula da maganarsu ƙwarai ba a lokacin. Sai a 2012 masanan Jami'ar Tsinghua ta ƙasar Sin, ƙarƙashin Feiyu Kang, suka sake ta da ita, daga nan ne bincike ya yawaita.

Shekarar 2016 ta zo da labari biyu masu nauyi. A wani ɗakin bincike na Gwamnatin Amurka da ke jihar Washington, Jun Liu da abokan aikinsa suka yi wata dabara mai sauƙi. Tun da ya ke manganis yana narkewa cikin ruwan, sai suka zuba wa ruwan gishirin manganis tun da fari, ya ƙoshi, don kada ya ci na jikin batirin. Suka ba da rahoto cewa bayan caji 5,000 batirinsu yana riƙe da kashi 92 cikin 100 na ƙarfinsa. A shekarar nan kuma Linda Nazar ta Jami'ar Waterloo a Kanada da ɗalibanta suka sauya manganis da wani ma'adini, banadiyam, suka sami caji 1,000 da saura wajen kashi 80.

Maganar ƙaya kuwa, a 2017 masanan ɗakin bincike na sojan ruwan Amurka, cikinsu har da Debra Rolison, suka daina aiki da tutiya gari ko falle, suka ƙera ta kamar soso mai ƙofofi ko'ina. Da ya ke wuta tana samun wurin bi ta kowane gefe, ba ta taruwa wuri guda, balle ƙaya ta tsiro. A 2019 Lynden Archer na Jami'ar Cornell ya bi ta wata hanya dabam, ya yi wa tutiyar shimfiɗa da wani gawayi siriri ƙwarai, wanda ke sa ta kwanta falle bisa falle maimakon ta miƙe tsaye.

Game da ruwan, Chunsheng Wang na Jami'ar Maryland da Kang Xu suka fito da wata dabara a 2015, suka gwada ta kan tutiya a 2018. Suka narka gishiri mai yawan gaske cikin ruwa kaɗan, har ya zama gishirin ya rinjayi ruwan, ya ɗaure shi, ba ya samun sukunin cin ƙarfen. Dabarar ta yi aiki, sai dai irin gishirin da suka sa yana da tsada ainun. A 2022 kuma wani malami na jami'ar nan, Liangbing Hu, ya yi ruwan batir mai kauri daga wani abu da a ke samu a ɓawon ƙaguwa, wanda in an jefar ya kan ruɓe cikin ƙasa bayan 'yan watanni.

Duk waɗannan aikin gaske ne, ba na wasa ba, ya kuma cancanci yabo. Amma a nan ne mu ke so mai karatu ya natsu. In aka ce caji 5,000, mai lissafi zai raba da kwanakin shekara ya sami shekara goma sha uku da ɗoriya, ya ce ai magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Galibin irin wannan gwaji da ɗan batir a ke yi wanda bai fi maɓallin riga ba. Ana sa masa tutiya mai kauri fiye da bukata nesa ba kusa ba, da ruwa isasshe, sa'an nan a yi ta cikawa da kwashewa cikin gaggawa, kowane zagaye bai kai awa guda ba. Ta haka a ke gama dubban zagaye cikin 'yan watanni. Cin da ruwa ke yi wa tutiya kuwa ba da yawan zagaye ya ke tafiya ba kawai, da tsawon kwanaki ya ke tafiya. Abin da bai bayyana cikin wata uku ba yana iya kashe batir cikin shekara uku. Masanan kansu sun sha yin wannan gargaɗi ga junansu. Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa.

DAGA ƊAKIN GWAJI ZUWA KASUWA

Bari mu duba waɗanda suka wuce gwaji suka kafa masana'anta, don a nan ne gani ya ke korar ji.

Wanda ya fi yin nisa shi ne kamfanin Eos na Amurka, wanda aka kafa a 2008, ya kuma gina masana'antarsa a Turtle Creek kusa da birnin Pittsburgh. Batirinsa tutiya ne da ruwan gishirin buromin, an yi shi don ya ba da wuta daga awa 3 zuwa 12. A watan Disamba na 2024 Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta tsaya masa lamunin bashi na dala miliyan 303.5 don ya faɗaɗa aiki. Wannan babbar shaida ce cewa hukuma ta ga alamar ƙarfi. Duk da haka, a shekarar nan ta 2024, bayan shekara goma sha shida da kafuwa, cinikinsa bai kai dala miliyan 20 ba, bai kuma ci riba ba.

Akwai Urban Electric Power na New York, wanda ya fito daga binciken jami'ar birnin. Shi kayan batirin tocila ya ɗauka, tutiya da manganis, ya gyara su su karɓi caji. A 2022 aka kafa baturansa a wata cibiyar manyan kwamfutoci a San Diego, a madadin na dalma. Akwai kuma ZincFive na jihar Oregon, mai haɗa tutiya da nikel, wanda ke sayar wa gidajen kwamfuta da masu kula da fitilun ba da hannu na kan titi. Waɗannan sun sami gindin zama a wuraren da tsoron gobara ya fi komi.

Ga kuma ɗaya gefen labarin. Kamfanin Redflow na birnin Brisbane a Ostareliya ya yi kusan shekara ashirin yana ƙera batirin tutiya da buromin, ya sayar a ƙasashe da dama, har ya sami manyan kwangiloli a Amurka. A watan Agusta na 2024 kuɗi suka yanke masa, aka miƙa shi hannun masu kula da kamfanonin da suka durƙushe. Aka nemi mai saye ba a samu ba, aka rufe shi. Waɗanda suka sayi kayansa aka bar su da batir ba maƙeri. Duk wanda zai sa hannu a takardar saye da kuɗin jama'a, ya riƙe wannan labari.

ABOKIN KARAWA BAI TSAYA BA

Abin da ya fi wahal da masu tutiya ba cikin kwalbar gwaji ya ke ba, a kasuwa ya ke. Babbar hujjarsu ita ce araha, ga shi kuwa litiyam ya yi ta faɗuwa. Bisa lissafin BloombergNEF, masu bin farashin wannan kaya kowace shekara, batirin da zai riƙe yunit ɗaya na wuta, irin yunit ɗin da a ke saya a mita, ya haura dala 1,000 a 2010. A 2024 ya sauko dala 115. Ɗanyen litiyam ya yi tashin gwauron zabo a ƙarshen 2022, aka yi ta cewa ranar tutiya ta zo, amma kafin ƙarshen 2024 farashin ya faɗi da fiye da kashi 80 cikin 100. Bugu da ƙari, an koma ga wani irin batirin litiyam mai ƙarfe da fosfet, wanda ba ya bukatar ma'adinin kobalt na Kwango, ba ya kuma saurin kama wuta kamar na da. Bayan wannan, masana'antun Sin sun soma fito da batirin sodiyam, ɗan'uwan gishirin miya.

Dalilin wannan araha shi ne yawa. An gina manyan masana'antu saboda motocin lantarki, an yi shekara talatin ana koyon aikin. Tutiya tana da arahar ɗanyen kaya, amma ba ta da wannan yawan tukuna. Ga shi kuma rumbunta yana yoyo fiye da na litiyam: irin mai buromin, cikin mudu goma da aka zuba, bakwai zuwa takwas a ke kwasa. Ga girma da nauyi, waɗanda suka hana ta shiga mota ko waya. Amma wannan na ƙarshe ba aibi ba ne ga abin da za a girke wuri guda, don ba a taɓa ƙin rumbu saboda nauyi ba.

Ya kamata kuma mu faɗi cewa kalmar ruwa ba ta nufin ba haɗari ko kaɗan. Buromin guba ne in ya fita, iskar haidurojin kuma tana kama wuta in ta taru a ɗaki rufaffe. Abin da ya tabbata shi ne, ruwan cikin batirin ba ya ci da wuta, gobarar da ke tsallakawa daga wannan batir zuwa wancan kuwa ba halinsa ba ce.

INA RUWANMU?

Wani zai ce wannan duk labarin Amurka da Sin ne. Gaskiya ne can a ke aikin, amma bukatar ta fi tsanani a nan. Bankin Duniya ya ba da lissafi a 2021 cewa mutum miliyan 85 a Nijeriya ba su da lantarki. A watan Oktoba na 2024 mafi yawan jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda cikin duhu, bayan da manyan wayoyin da ke kawo musu wuta suka lalace. Maƙwabtanmu na Nijar ma sun ɗanɗana irin wannan daga Agusta na 2023 zuwa Maris na 2024, sa'ad da aka yanke wutar da ke zuwa musu daga Nijeriya. Rana kuwa Allah ya hore mana ita. An kafa tashar sola mai megawat 7.1 a Jami'ar Bayero a 2019, da wata mai megawat 10 a Kumbotso a 2023, Nijar ta buɗe mai megawat 30 a Gorou Banda kusa da Yamai a shekarar nan. Abin da ya rage shi ne dare: firijin allurar rigakafi a ɗakin magani na ƙauye, ɗakin haihuwa, ajin da ɗalibai ke bitar karatu.

Har yanzu gidaje da ofisoshi da yawa da batirin dalma su ke wannan aiki, irin wanda Gaston Planté ya ƙago a 1859. Zafinmu yana gajarta masa kwana, in ya mutu kuma sau da yawa a bayan kasuwa a ke fasa shi, a zubar da ruwan, a narka dalmar a fili. Wanda ya tuna abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda dalmar da ke cikin duwatsun zinariya ta kashe yara wajen 400, ya san dalma ba abin wasa ba ce. In aka sami batirin da ba dalma, ba ya kuma cin wuta a garin da motar kashe gobara ta ke da nisan tafiyar yini, lalle mun fi kowa cin moriyarsa.

Ga kuma wata. Akwai tutiya a ƙasarmu, haɗe da dalma, a kwarin Binuwai, daga Abakaliki da Ishiagu a jihar Ebonyi har Zurak a ƙasar Wase ta jihar Filato. Galibi ɗanya a ke fid da ita waje. Ba mu ce gobe za a kafa masana'antar batir a Wase ba, don tsakanin dutsen ma'adini da batir akwai tacewa da ƙira da ilmi mai zurfi. Amma ya kamata masu mulki su san abin da ke ƙarƙashin ƙafarsu tun kafin mai saye ya zo ya gaya musu farashi.

SHAWARARMU

A ganinmu, batirin tutiya da ruwa ya yi nisa ƙwarai daga inda ya ke a 2012, amma bai kai inda za a ce ya ture litiyam ba, ba lalle ne ma ya ture shi ba. Inda ya ke da rabo shi ne ajiya mai tsawon dare guda, a wurin da ba a damu da nauyi ba, a ke kuma tsoron gobara. Ko zai ci wannan rabo, masana'anta ce za ta nuna, ba takardar jami'a ba.

Saboda haka muna ba akawuna da ma'aikatan ƙananan hukumomi shawara, duk ranar da ɗan kwangila ya zo da sabon batir, kowane iri ne, su yi masa tambaya biyar. A ina aka girka irinsa, shekara nawa kuma ya yi yana aiki? Cikin yunit goma da aka zuba, nawa ya ke mayarwa? An gwada shi a zafi irin na Sakkwato da Maiduguri cikin watan Afrilu, sa'ad da ma'auni ke haura 40? In ya lalace, wa zai gyara, ina kuma kayan gyara su ke? In kamfanin ya rufe kamar Redflow, wa ke ɗauke da alkawarin? Wanda ya kasa amsa waɗannan a rubuce, kada a ba shi kuɗin talakawa.

Muna kuma roƙon Gwamnati kada ta tsaya jira sai an gama komi a waje. A sayo 'yan kaɗan daga irin waɗannan batura, a girka su a Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Zariya, da Kano, gefe da gefe da na litiyam da na dalma, a bar su su sha bazara uku ko huɗu, a riƙa rubuta abin da aka gani ana bugawa kowa ya karanta. Zafi yana tsufar da litiyam, yana kuma ƙara wa ruwa saurin cin tutiya, ba wanda zai gaya mana wanne ya fi jurewa a nan sai mun auna da kanmu. Kuɗin wannan gwaji kaɗan ne in an gwada da hasarar kwangila guda da ta lalace. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Malaman makaranta kuwa, aikinku ya fi na kowa sauƙi, ya kuma fi daɗewa. Ku sami lemun tsami, da ƙusa mai shafen tutiya, da guntun wayar jan ƙarfe, ku soka su cikin lemun ba tare da sun taɓa juna ba, ku auna. Za ku ga kusan volt ɗaya. Ku jera uku ko huɗu, ƙaramin ƙwan fitila irin na tocilar zamani zai yi haske. Ku gaya wa yara cewa abin da Volta ya gani ke nan a 1800, kuma tambayar da ta rage, watau yadda za a mai da tutiyar mazauninta sau dubbai, har yanzu manyan masana na duniya suna kanta. Ba abin da ya hana mai ƙarasa amsar ya fito daga cikin ajinku.

Allah ya sa mu dace, amin.